Tarihin Bonsai: An Ƙanƙance Itace, 'Ya'yansa Sun Ƙi Ƙanƙancewa

 Yau tarihi zai kai mu ƙasashen Sin da Jafan, inda za mu bi sawun wata sana'a da yawancinmu a hoto kawai muka san ta, wato renon cikakken itace a cikin ɗan kasko, abin da duniya ta sani da suna bonsai. Sana'ar faɗi gare ta, don haka reshe ɗaya za mu kama: na itatuwa masu 'ya'ya, da yadda ake datse su ana tsara su tun suna ƙanana.

Mu fara da kawar da wani zato. Da yawa suna ɗauka bonsai wani jinsin itace ne na daban, wada tun daga iri. Ba haka abin yake ba. Itace ne kamar kowane itace. In aka ciro shi daga kasko aka dasa a fili aka ƙyale shi, zai miƙe ya nemi tsawon danginsa. Almakashi da ƙuncin kasko ne suke riƙe da shi. Sunan ma abin da yake nufi ke nan a harshen Jafananci: "bon" faranti ne ko kasko marar zurfi, "sai" kuma shuka.

Hannun ɗan Adam yana iya rage wa itace tsawo, ya gajarta masa rassa, har ganyensa ma a hankali yana iya ƙanƙanta shi. Amma akwai abin da ya gagare shi, shi ne fure da 'ya'ya. Itacen tuffa da bai wuce kamu ɗaya ba, in ya tashi haihuwa, tuffar da zai haifa ba za ta yi nisa da girman ta uban da ke gona ba. Duk tarihin da za mu bi yau tarihi ne na yadda masu wannan sana'a suka yi ta neman hanyar zama lafiya da wannan taurin kai na 'ya'yan itace.

Zanen cikin kabari

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun da ake da su yana jikin bangon wani kabari a Qianling, cikin lardin Shaanxi na ƙasar Sin. Kabarin na Yarima Zhanghuai ne, ɗan sarauniya Wu Zetian ta zamanin daular Tang. Ya mutu a 684 a inda aka kore shi, sannan a 706 aka dawo da gawarsa aka sake binne shi da girmamawar sarauta. Da masu binciken kayan tarihi suka buɗe kabarin a farkon shekarun 1970, sai suka tarar da zanen barorin fada suna tafe riƙe da farantai. A cikin farantan akwai 'yan duwatsu da 'yan shuke-shuke, a ɗaya daga ciki kuma ana ganin koren ganye da jajayen 'ya'ya.

Abu biyu muke ɗauka daga wannan zane. Na farko, shekara dubu da ɗari uku da suka wuce, ɗan itace a faranti ya riga ya zama kayan fada, abin da ake ɗaukowa a kai gaban yarima. Na biyu, tun daga wancan lokaci itace mai 'ya'ya yana cikin lissafi.

Sinawa suna kiran sana'ar tasu "penjing", wato shimfiɗar ƙasa a cikin faranti. Burinsu shi ne mutum yana zaune a ɗaki ya kalli tsauni da daji. Da tafiya ta yi nisa, kowane yanki ya fito da hanyarsa. A Yangzhou da zaren kaba suke ɗaure rassa, suna lanƙwasa su sau da yawa a ɗan taƙi kaɗan har su shimfiɗu kamar gajimare. A kudu kuwa, yankin Guangdong, inda zafi da damshi ke sa itace saurin girma, almakashi suka fi dogara da shi: a bar reshe ya yi tsawo ya yi kauri, a datse, a jira sabon toho ya fito ta wata fuska, a sake barinsa, a sake datsewa. Mu riƙe wannan hanya ta biyu, za mu sake cin karo da ita.

Daren da aka ƙona itatuwa uku

Daga Sin sana'ar ta ƙetara teku zuwa Jafan, ta hanyar da rubutu da shayi da sauran al'adu suka bi. Akwai wani dogon naɗin zane da aka kammala a 1309, mai suna Kasuga Gongen Genki, wanda a cikinsa ake ganin itatuwa cikin kasake an jera su a kan katako a gidan wani mai hali. A wancan zamani ba a fara ce musu bonsai ba. "Hachi no ki" ake cewa, ma'ana itacen cikin kwano.

Wannan suna shi ne kuma sunan wani tsohon wasan kwaikwayo na Jafanawa, irin wanda suke kira Noh. Labarin na wani mayaƙi ne mai suna Tsuneyo, wanda dangi suka ƙwace masa ƙasarsa ya faɗa cikin talauci. Wani dare na dusar ƙanƙara, wani matafiyi cikin shigar masu bauta ya nemi masauki a bukkarsa. Ya ba shi ɗan abincin gero da yake da shi. Da sanyi ya tsananta, babu itacen hura wuta, sai ya sare itatuwan kasko uku da suka rage masa daga zamanin wadata, ya ƙona su don baƙo ya ji ɗumi. Ashe baƙon nan Hojo Tokiyori ne, tsohon mai riƙon mulki a Kamakura, yana zagaya ƙasa a ɓoye. Daga baya ya mayar wa Tsuneyo da ƙasarsa, ya ƙara masa da gundumomi uku masu ɗauke da sunayen itatuwan da ya ƙona. Tokiyori mutum ne na tarihi, ya rayu daga 1227 zuwa 1263, amma labarin kansa almara ce. Abin da yake nuna mana shi ne darajar abin: masu kallon wasan sun san cewa wanda ya ƙona itacen kaskonsa ya ƙona shekarun da ba za su dawo ba.

Itatuwan uku su ne matsu, mai ganye kamar allura, da sakura mai furanni, da ume. Wannan na ƙarshe shi ne namu. Ume, wanda Sinawa ke kira "mei", itace ne mai 'ya'ya masu tsami, girman ɗinya ko su ɗara kaɗan, waɗanda Jafanawa ke jiƙawa da gishiri su ci da shinkafa. Sai dai a kasko ba don 'ya'yansa ake renonsa ba. Don furensa ne, wanda ke buɗewa a ƙarshen hunturu, tun ganye bai fito ba. Da fure ya kaɗe, mai shi yakan tsinke ragowar don kada itacen ya ɓata ƙarfinsa wajen ɗaukar 'ya'ya. Wannan ita ce amsa ta farko da tarihi ya bayar: a karɓi fure, a haƙura da 'ya'ya.

Mutumin da ya fasa kasake

Ba kowa ne ya kalli sana'ar da sha'awa ba. A farkon ƙarni na 19, wani mutumin Suzhou mai suna Shen Fu ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa tsara itace ɗaya yadda ya kamata yana cin shekara talatin zuwa arba'in. To, ina mai saye zai jira shekara arba'in? Inda akwai masu kuɗi masu gaggawa, dole a samu masu lambu masu yanke. Sai kasuwa ta cika da itatuwan mei da aka murɗe da ƙarfi, aka karkace su don su yi kama da tsofaffi.

A kan wannan ne Gong Zizhen, malami kuma ma'aikacin gwamnatin daular Qing, ya rubuta wata gajeriyar maƙala wajen 1839, shekarar da ya ajiye aiki ya koma kudu. Ya ce masu ilimi da masu zane sun ƙudurta cewa kyan mei yana cikin karkacewa da ƙarancin rassa. Masu sayarwa suka gano haka, sai suka shiga sare miƙaƙƙun rassa suna kashe sababbin toho don neman farashi, har mei na yankunan Nanjing da Suzhou da Hangzhou duk suka zama marasa lafiya. Ya ce ya sayi kasko ɗari uku, bai samu ko ɗaya mai lafiya ba. Sai ya yi alkawarin fasa kasaken, ya kwance igiyoyin, ya mayar da itatuwan ƙasa, ya ba su shekara biyar su warke.

Masu karatu sun daɗe da fahimtar cewa ba itace kaɗai yake nufi ba. Da mahukuntan zamaninsa yake, waɗanda ke tanƙware masu basira har su lalace. Amma habaicin bai kama ba sai don abin da ya faɗa game da itatuwan gaskiya ne. Mu Hausawa muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mukan faɗe shi a matsayin nasiha. Gong ya tuna mana cewa karin maganar bai faɗi ko wane ne mai tanƙwarar ba, bai kuma faɗi inda zai karkata iccen ba.

A Jafan ma an yi irin wannan yayi a zamanin Edo, inda ake murɗa rassa ta ko'ina, salon da suka laƙaba wa sunan dorinar ruwa mai hannuwa takwas. Abin da ya kawo sauyi shi ne wasu masu ilimi na yankin Osaka a ƙarni na 19, masu sha'awar zanen Sin da shan shayi. Su suka fi son itace ya yi kama da wanda ake gani a daji ko a gefen tsauni. A hannunsu ne kalmar bonsai ta samu gindin zama, aka kuma koma ga kasake marasa zurfi.

Waya, almakashi da ƙauyen Omiya

Duniya ta fara ganin waɗannan itatuwa ne a manyan bukukuwan baje koli: a Faris a 1878 da 1889 da 1900, sai Landan a 1910. A daidai wannan tsakani kayan aikin ma suka sauya. A da igiya da gora da rataya nauyi ake amfani da su wajen karkata reshe. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 wayar jan ƙarfe ta maye gurbinsu. A shekarun 1920 da 1930 kuma wani maƙeri mai suna Masakuni ya ƙera kayan yanka na musamman don wannan aiki, ciki har da wani mai baki lanƙwasasshe da ke cire reshe ya bar ɗan rami. Amfanin ramin shi ne in ɓawo ya zo rufe ciwon, sai ya rufe daidai da jikin itacen, babu ƙullutu.

Ranar 1 ga Satumba, 1923, girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo baya suka cinye yawancin birnin Tokiyo. Wasu masu renon bonsai na birnin suka tashi neman wuri mai iska mai kyau da ruwa da ƙasa, suka sauka a Omiya, arewa da Tokiyo, inda suka kafa ƙauyensu a 1925. Dokokin zama a ƙauyen abin lura ne: duk mazaunin sai ya mallaki bonsai aƙalla goma, ya bar ƙofar lambunsa a buɗe ga masu kallo, kada ya gina bene, shingensa kuma ya zama na shuka. A 1934 aka fara baje kolin Kokufu a gidan adana zane-zane na Ueno a Tokiyo, wanda har yau shi ne mafi daraja a ƙasar. Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa kashe sana'ar, domin an ɗauke ta almubazzaranci a lokacin da ake neman abinci, kuma lambuna kaɗan ne suka tsira a Omiya. Daga waɗannan kaɗan ɗin ta sake tashi, har a 2010 aka buɗe mata gidan tarihi na gwamnati a can.

Ana raba bonsai gida huɗu: masu ganyen allura, masu zubar da ganye, masu fure, da masu 'ya'ya. Na ƙarshen su ake kira "mimono". Lokacinsu kaka ne. A gidan Bajafane na gargajiya akwai wani ɗan lungu a ɗakin baƙi da ake kira "tokonoma", inda ake ajiye abin da ya dace da lokacin shekara. Itacen da ganyensa ya zube, 'ya'ya ja suka rage a kan rassa, shi ke shaida wa baƙo cewa sanyi ya kusa.

Yadda ake bi da ƙaramin itace

To, me duk waɗannan ƙarnuka suka tara game da ƙaramin itace mai 'ya'ya? Abu na farko zai ba mai sha'awa mamaki: ba a fara sa shi a ɗan kasko mai kyau. Itace a ƙuntataccen kasko kusan ba ya ƙara kauri. Don haka a ƙasa ake fara renonsa, ko a babban mazubi, a bar shi ya sake. Tun a dashen farko ake yanke uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, a baza sauran saiwoyin ta kowace fuska, wani lokaci a kan allo ko fale-falen dutse, don su tafi a kwance. Su ne daga baya za su fito a gindi su ba itacen kamannin wanda ya daɗe da kafuwa.

Na biyu shi ne gina gangar jiki. Akan bar itacen ya yi shekara biyu ko uku yana harbawa sama, sannan a sare shi ƙasa-ƙasa, a zaɓi toho ɗaya ya zama sabon kai. In shi ma ya yi kauri a sake sarewa a sama da na farko. Da haka jiki ke yin kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama, kamar na tsohon itace. Wannan ita ce hanyar mutanen Guangdong da muka ambata. Akwai kuma reshen da ake bari can ƙasa ya yi ta girma ba a taɓa shi, don kawai ya ƙara wa gindi kauri. In ya gama aikinsa sai a cire shi.

Dalilin da ya sa datsewa ke aiki ilimin tsirrai ya bayyana shi. Ƙarshen kowane reshe yana samar da wani sinadari da ake kira oksin, wanda ke gangarowa ya danne idanun toho da ke ƙasa da shi. In aka datse kan, dannewar ta ragu, sai idanun su farka, reshe ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Yawan ƙananan rassa kuwa yana raba abincin da saiwa ke kawowa, shi ya sa ganye ke ƙanƙancewa. Masu lambun Sin da Jafan sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da wannan kafin a san sunan sinadarin.

Na uku shi ne zaɓen rassa da ɗaura waya. A al'adar Jafan reshen farko yakan fito a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon itacen, na biyu ta ɗaya gefen, na uku ta baya don a samu zurfi. Ana cire waɗanda suka gitta juna, da masu miƙewa sama tsaye, da masu komawa ciki. Ana naɗa waya a karkace, kaurinta wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Itatuwa masu 'ya'ya da yawa rassansu na da saurin karyewa, ɓawonsu kuma ba ya jure rauni, don haka yanzu an fi sa musu wayar alminiyam mai taushi. Dole kuma a yi ta dubawa, domin ƙaramin itace na saurin kumbura. In waya ta nutse a ɓawo, tabon na iya zama shekaru bai ɓace ba.

Na huɗu shi ne mafi wuya ga mai itace, ba don yana buƙatar gwaninta ba. A duk shekarun nan na gini, in itacen ya yi fure ana tsinke shi, in 'ya'ya sun ƙulla ana cire su. Ɗan itace yana jan abinci fiye da komai a jikin uwarsa. Itacen da aka bari ya haihu da wuri jikinsa zai tsaya siriri, reshen da ya ɗauki nauyin kuma yana iya raunana ko ya bushe. Taura biyu ba ta taunuwa: ko a samu gangar jiki, ko a samu 'ya'yan bana. Yawan 'ya'ya ma ba kullum yake nufin lafiya ba, domin itacen da ya sha wuya yakan barke da fure fiye da ƙima. Ko da itace ya kammala, masu sana'ar sukan rage 'ya'yan su bar kaɗan, su cire su kafin su daɗe a kai, wata shekarar ma su hutar da shi gaba ɗaya.

In lokacin haihuwa ya yi, sai almakashi ya koyi ladabi, domin kowane itace da inda yake ajiye furensa. Tuffa a kan 'yan gajerun rassa masu shekaru take yi, wanda ya share su don tsafta ya share 'ya'yansa. Rumman a ƙarshen sabon reshe yake fure, wanda ya yi ta datse kawuna ba zai ga komai ba. Ume da zarar fure ya kaɗe ake datse shi, domin a watannin zafi yake shirya furen baɗi. Kuma daga ranar da 'ya'ya suka ƙulla, ƙishirwar yini ɗaya a ɗan kasko ta isa ta zubar da su.

Jafanawa suna da karin magana da ke cewa wasu itatuwan shekara uku suke yi su haihu, amma kaki sai ya yi takwas. Shi ya sa mai son ganin 'ya'ya da wuri ba ya shuka ƙwallo. Reshen itacen da ya riga ya fara haihuwa yake samu ya kafa, ko ya yi masa aure, yadda masu lambunmu ke yi wa mangwaro.

Zaɓen iri

Tunda hannu ya kasa ƙanƙanta 'ya'ya, dabarar da ta rage ita ce a nemo itacen da 'ya'yansa ƙanana ne tun asali. Nan ne masu sana'ar suka fi nuna wayo. Maimakon tuffar kasuwa suka ɗauki "himeringo", wata 'yar tuffa da ba ta fi ƙwallon goro ba. Maimakon lemo suka ɗauki "kinzu", ɗan lemon daji na kudancin Sin da Hong Kong, mai 'ya'ya kamar na magarya. Rumman ma akwai ƙaramin jinsinsa. Shi kuwa kaki, wanda 'ya'yansa suka kai girman tumatir, a ƙarni na 20 aka samo masa ɗan'uwa daga Sin mai suna "royagaki", mai ƙananan 'ya'ya masu sheƙi. Wannan yana da mace da namiji a itatuwa daban-daban, don haka mai son 'ya'ya masu yawa yakan ajiye namiji kusa da macen.

Akwai wanda ya saɓa wa wannan ƙa'ida, shi ne "karin". 'Ya'yansa rawaya ne, masu ƙamshi da tauri, girman mangwaro. Jafanawa ba su guje shi ba. Sukan bar masa ɗa ɗaya ko biyu kacal, ya rataya a jikin ɗan itacen kamar ya fi ƙarfinsa. Mai kallo yana ganin haka ya san cewa abin da ke gabansa cikakken itace ne, kuma shekaru aka yi ana hana shi kafin a ba shi wannan ɗaya.

Ume kuwa har yau yana nan a matsayinsa. A garin Nagahama, bakin tafkin Biwa, tun 1952 ake baje kolin ume na kasko duk shekara daga Janairu zuwa Maris. Wasu daga cikin itatuwan sun fi mutum tsawo, wasu kuma ana ƙiyasta shekarunsu da kusan ɗari huɗu. Itacen da ya kai haka ya wuce ta hannun masu shayarwa da yawa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya yi sakaci har ya kashe shi. Wannan ita ce amsar da sana'ar za ta iya ba Gong Zizhen. Zarginsa kuwa yana nan a kan duk mai gaggawa.

Inda zancen ya taɓo mu

Kaki da royagaki ba baƙi ba ne a wurinmu kamar yadda sunayensu ke nunawa. A ilimin tsirrai gida ɗaya suke da kanyar da muka sani, duka Diospyros ake kiran zuriyarsu. Wanda ya ga royagaki da 'yar hular ganye a kan kowane ɗa, kanya zai tuna. Tsamiya kuma, wadda asalinta na Afirka ne, tana cikin itatuwan da masu bonsai na Indonesiya da Filifin da Indiya ke reno sosai, saboda ganyenta ƙanana ne tun asali, ɓawonta kuma na saurin nuna tsufa. A Afirka ta Kudu har salon tsara itace suka fitar da ke kwaikwayon tsayuwar kuka.

Sai dai wanda sha'awa ta kama cikinmu ya lura da abu ɗaya. Kalandar Jafan ba tamu ba ce. Ume da yawancin tuffa suna buƙatar sanyin hunturu mai tsawo kafin su yi fure, irin sanyin da Kano ko Maraɗi ba su da shi. Mutanen Guangdong ba su kwafi hanyar Yangzhou ba, yanayinsu suka duba suka fitar da tasu. Rumman da gwaba da lemon tsami da tsamiya su ne suka san ranarmu. Ɗan kasko marar zurfi a watan Afrilu kuwa, in ba a sa shi a inuwa ana shayar da shi safe da yamma ba, kwana kaɗan zai yi.

Wanda ya dasa rumman ko tsamiya a daminar bana da wannan niyya, ya sa a ransa cewa furen farko da zai gani tsinke shi zai yi, na biyu ma haka. Idan akwai wanda ya taɓa gwadawa da kanya ko magarya a cikinmu, muna son jin yadda itacen ya karɓi almakashi da kuma watan da ya fi yi masa daɗi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.